Tsohon Birnin Jidda da Ganuwarsa

Duk wanda ya taɓa raka mahajjaci tasha a Gummi ko Anka ko Bukkuyum ya san sunan Jidda. Amma yawancinmu mun ɗauke ta filin jirgin sama ne kurum, inda alhazai ke sauka su nufi Makka. Kaɗan ne suka san cewa tsohon birni ce mai ganuwa da ƙofofi, a gaɓar Bahar Maliya, kimanin kilomita 70 yamma da Makka. A hutun da ya wuce Allah ya nufe ni da bin mahaifina zuwa Umra, muka kwana biyu a can, shi ya sa na ga ya dace in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labarin abin da na gani da wanda na karanta.

Masana tarihi sun ce Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, shi ne ya mai da Jidda mashigin jiragen ruwa na Makka a shekara ta 26 bayan Hijira. Kafin nan a wani wuri da ake kira Shu'aiba jirage ke tsayawa. Tun daga lokacin fatake da mahajjata suka riƙa sauka a garin, har ya bunƙasa.

To, me ya kawo ganuwa? Tsoro ne ya kawo ta, kamar yadda ya kawo tamu. A 1498 Turawan Fotugal suka zagayo ta kudancin Afirka suka isa Indiya, suka shiga tare jiragen Musulmi a teku. Ganin haka Sarkin Masar na lokacin, Ƙansuh al-Guri, ya sa wani jarumi nasa mai suna Husaini al-Kurdi ya kewaye Jidda da ganuwa. Ba a daɗe ba aka ga amfaninta, domin a 1517 jiragen yaƙin Fotugal sun zo har bakin garin, suka koma ba su ci shi ba. Abin lura a nan shi ne, a cikin wannan ƙarni na 16 ne Kanta na Kabi ya gina ganuwar Surame da duwatsu, can arewa da mu. Watau mutanen da ba su taɓa ganin juna ba sun yi dabara iri ɗaya a zamani ɗaya.

Ganuwar Jidda ta yi shekara fiye da 400 a tsaye. A 1947 aka rushe ta, saboda gari ya cika ya batse, motoci kuma suna neman hanya. Saboda haka wanda ya je yau ba zai ga ganuwa ta kewaye gari ba. Ƙofofi zai gani tsaye su kaɗai a tsakiyar titi, kamar Babu Makka, watau Ƙofar Makka, wadda ita ma sake gina ta aka yi. Na tsaya a gindinta ina kallon motoci na wucewa dama da hagu, ƙofa ba bango, sai abin ya ba ni dariya ya kuma ba ni tausayi.

Cikin tsohon garin, wanda suke kira Balad, nan ne abin kallo yake. Lunguna ne matsattsu, gidaje kuwa dogaye, wani hawa huɗu wani biyar, har inuwarsu ta rufe hanya. Da wani farin dutse mai ramuka-ramuka da ake haƙowa a gaɓar teku aka gina su, ana jera katako a tsakanin sahu-sahun dutsen don kada nauyi ya tsaga bango, kusan yadda maginanmu ke amfani da azara. Tagoginsu na katako ne da aka sassaƙa, sun turo waje kamar akwati, ana kiransu rawashin. Iska na shiga, rana ba ta shiga, matan gida suna ganin mai wucewa shi ba ya ganinsu. Ga zafi da gumi a waje, amma da ka shiga lungu sai ka ji sanyi-sanyi.

Gidan da ya fi suna shi ne Gidan Nasif, wanda aka gama a 1881. A nan Sarki Abdul'aziz ya sauka lokacin da ya shiga Jidda a 1925. Matakalarsa faffaɗa ce ƙwarai, har ana cewa raƙumi kan hau da kaya. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar bishiya da ake ji da ita, wai a da ita kaɗai ce a garin. Na matsa in ga wace irin bishiya ce wannan, sai na tarar dogon yaro ne, irin wanda muke karya asuwaki a bayan ajinmu!

A Kasuwar Alawi, inda ake sayar da turare da dabino da yadi, na ji wata dattijuwa tana ciniki da Hausa tsantsa. Mahaifina ya ce ba abin mamaki ba ne. Kafin jirgin sama, kakanninmu a ƙasa suke tafiya, ta Borno da Chadi da Sudan, suna noma da ƙodago a hanya, wani ya yi shekaru kafin ya kai Sawakin ko Bur Sudan ya haye teku. Da yawa ba su komo ba, jikokinsu na can har yau.

A 2014 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Jidda cikin wuraren tarihi na duniya, kuma na ga ma'aikata suna ta gyaran gidajen da suka tsage. Amma ganuwar da aka rushe ta tafi ke nan. Wannan ne ya sa na tuna da gida. Birnin Zamfara, wanda Gobirawa suka ci a ƙarni na 18, ya zama kufai, daga baya sarautar ta zauna a Anka. Tsofaffin garuruwanmu sun yi ganuwa, sai dai tamu ta ƙasa ce, damina na cinta, masu gini na ɗibarta, wasu kuma sun yi gona a kai. A ganina, mu da ba mu da kuɗin sake gini, abin da za mu iya shi ne rubutu. Ina roƙon iyayenmu da suka san inda kowace ƙofa take da sunanta su nuna mana, malamin tarihi kuma ya fita da mu ranar wata Asabar da littafi da igiyar awo, mu zana taswirar abin da ya rage kafin ruwan bana ya sauka.