Bidiyon darasi a waya: wa ke magana a ciki?

Darasinmu na wannan karo ba a kan cuta ɗaya yake ba. A kan bidiyon nan ne da ake tura muku a waya, ko a zuba muku a kati ranar kasuwar Subdu ko ta Gidigir: hoton tunkiya ya fito, rubutu ya fito, murya tana bayani da Hausa.

Dattawa cikinku sun tuna lokacin da malamin dabbobi ke zuwa da manyan hotuna na takarda, ko a haska majigi a bango da dare. Malami na faɗi da Faransanci ko Hausa, tafinta na juyawa da Fulatanci ko Barbarci. In ba ka gane ba, sai ka ɗaga hannu.

Daga baya aka fara ɗaukar murya a haɗa da hoto. Ƙungiyar SAWBO, wadda aka kafa a Amurka a 2011, da Access Agriculture, wadda aka kafa a 2012, duk suna da bidiyon noma da Hausa, kuma mutane ne suka yi fassarar, mutane suka yi maganar. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi.

Yaya ake yi yanzu?

Malami ya shirya darasinsa a kwamfuta shafi-shafi, kowane shafi da hoto da ƴan kalmomi. Sai ya miƙa wa na'ura mai ƙirƙirarriyar basira. Ita za ta rubuta bayani, ta juya shi zuwa wani harshe, ta karanta da murya kamar ta mutum, ta haɗa bidiyo. Kafin a sha shayi zagaye uku an gama. Wannan abin so ne a wuri irin namu, inda Bahaushe da Bamange da Bafulatani da Batube da Buzu ke shayarwa a rijiya ɗaya, malamai kuma ba su da yawa.

Amma na'ura daga rubutu take koyo. Hausa ta shiga Google Translate tun 2013, duk da haka yawancin abin da ta koya Hausar labarai ce ta Nijeriya. Maganar garke ba ta cika zuwa kan takarda ba. Fulatanci da Barbarci da Tubanci kuwa, rubutunsu bai kai na Hausa yawa ba, saboda haka kuskure ya fi sauƙin shiga.

Inda take tuntuɓe

Ku dubi sunan cuta. Da Faransanci ana ce wa ciwon saifa "charbon", haka ma harbin daji. Kalmar nan kuma ita ce gawayi. In ka ji murya ta ce a yi wa shanu rigakafin gawayi, ka san inda aka kwana. Haka "son", wato dusa: da Faransanci yana kuma nufin sauti. Waɗannan da dariya za a rabu da su, don duk makiyayi zai gane an kauce.

Wanda ba ya ba da dariya shi ne lissafi. Maganin nan na allura, ibamektin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, da ake yi saboda tsutsar ciki da ƙazuwa: mililita 1 ne ga kowane kilo 50, a ƙarƙashin fata. Tunkiya mai kilo 25 ke nan rabin mililita za ta samu, a rubuce 0,5. In murya ta haɗiye sifirin da waƙafin ta ce "biyar", ka ba dabba ninki goma. Kuma ba a yi wa dabbar da ake tatsa don sha. In wannan gargaɗi yana can ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe, mai yiwuwa muryar ba za ta ambace shi ba sam.

Ko gyaran kara da busasshiyar ciyawa da takin ure, wanda da yawa cikinku ke yi don turka rago. Ma'aunin da aka saba koyarwa a nan shi ne ure kilo 5 a narka cikin ruwa lita 50, a yayyafa wa ciyawa kilo 100, a danne, a rufe ruf har mako biyu zuwa uku, a buɗe ta sha iska kafin a ba dabba. A juya lambobin nan, ko a tsallake maganar rufewa, ure ya zama guba. Cikin awa ɗaya yana iya kashe rago. Ragon layya ne fa, wata huɗu ana ɗawainiya da shi.

Har kuɗi ma sai an lura. An rubuta 500 F, mu mun san dala ɗari ce. Na'ura ba ta san dala da jika ba. In ta ce "ɗari biyar", kunnen ɗan kasuwar Gure zai ji jika biyu da rabi.

Wani bidiyon kuma fassararsa daidai take, sai dai ba don dabbobinmu aka yi shi ba. Saniyar madara ta Turai tana wuce kilo 600. Tamu da wuya ta kai 300 a ƙarshen rani. Ka dubi hoton da kyau: irin shanunka ne?

Me za ka yi?

Kada ka ƙi kallo. Hoto yana nuna inda ake soka allura da yadda ake kama dabba fiye da dogon bayani. Amma ka fara neman sunan wanda ya fitar da bidiyon, a farko ko a ƙarshe. In babu suna, ka ɗauke shi kamar maganin da ake shimfiɗawa a rana a kasuwa.

Duk inda aka ambaci lamba, ka tsayar da bidiyon. Ka sa ɗanka mai zuwa makaranta ya karanta abin da ke rubuce, ku gwada da abin da murya ta ce, ku gwada da takardar kwalba. In uku ɗin ba su zo ɗaya ba, kar ka taɓa sirinji. Ka riƙe wayar har ranar kasuwa, ka kunna wa malamin dabbobi ya ji da kunnensa. Kuma kar ka tura wa ƴan'uwa a WhatsApp kafin nan, domin wanda ke can wajen Tasker ba shi da malami kusa.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin makiyaya, in wani aikin raya karkara ya kawo muku irin wannan bidiyo, ku nemi a tara mutum uku ko huɗu masu harshen, har da mace mai tatsa, su saurara tun kafin a raba. A faɗi kowace lamba sau biyu, a kuma nuna ta a jikin sirinji ko gwangwani. In muryar Fulatancin ko ta Tubancin ba ta fita ba, a cire ta, a ba ɗan rugga waya ya faɗa da bakinsa, a ɗora a kan hotunan.