Tunkiya a Turke, Bishiya a Tsakar Gida: Shawarwari ga Masu Ƙaramin Kiwo

Mai garke ɗari zai iya rasa tunkiya ɗaya bai ji a jikinsa ba. Gidan da ke da tumaki uku da mangwaro ɗaya a tsakar gida kuwa, in ɗaya ta faɗi, kuɗin makarantar yara ne ko kayan ɗakin 'ya suka tafi. Dabba da bishiya kuma a haɗe suke. Tunkiya na ba da taki, bishiya na ba da inuwa da ganye, amma in aka yi sakaci haƙorin dabbar ne ke kashe bishiyar.

1. Kada a haɗa sabuwar dabba da na gida ranar da aka sayo ta. Ko daga Mai'adua ta fito ko Wudil ko Potiskum, ta gogi dabbobi iri-iri a kara da cikin mota. A ɗaure ta gefe guda, da kwanon ruwanta daban, mako biyu zuwa uku. Abin da ake gudu shi ne cutar da likitocin dabbobi ke kira PPR: zazzaɓi, majina, kwantsa a ido, gyambo a baki, sai zawo mai wari. Ta fi yi wa awaki ɓarna, amma ba ta ƙyale tumaki ba, kuma allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kasuwa ba ta kashe ta. Rigakafi ne maganinta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar, kuma in aka yi ta sau ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. Kwalba ɗaya ta ishi dabbobi da yawa, kuma da zarar an haɗa ta ba ta kwana, don haka maƙwabta su haɗa kai su kira malamin dabbobi rana ɗaya.

2. A tanadi harawa tun da kaka, lokacin da take araha. Wanda ya bari sai bazara zai saye ta da tsada, ga ta busasshen kara babu ganye. Amfanin harawar wake da ta gyaɗa a ganyen yake, saboda haka a ɗaure ta tun tana da sauran kore, a ajiye inda rana ba za ta ƙone ta ba, raɓa ba za ta jiƙa ta ba. Wadda ta yi fumfuna a zubar. Dusa da ƙowar wake kuma a riƙa ƙara su kaɗan-kaɗan cikin kwanaki. Ragon da bai saba ba, aka cika masa kwano da dusa ko tsabar hatsi rana ɗaya, cikinsa zai kumbura, wani lokaci kafin gari ya waye ya mutu.

3. A yi hattara da gyauron dawa. Sabon tohon da ke fitowa bayan an yanke kara, ko dawar da fari ya tsumburar, tana ɗauke da guba mai kashe dabba cikin ɗan lokaci. Haka nan leda. Tunkiyar da ke yawo a bola tana haɗiye ta, ta dunƙule a tumbi, dabba na ramewa alhali ana ba ta abinci. Gishiri da 'yar kanwa suna rage mata kwaɗayin lasar abin da ta gani.

4. Maganin tsutsar ciki yana da lokaci, yana da ma'auni. A ba da shi farkon damina da ƙarshenta. Tsakanin nan a riƙa jan fatar idon dabba ta ƙasa ana dubawa: in ja ce, jini na nan; in ta yi fari fat, ko ƙasan haɓa ya kumbura, tsutsa ta sha jini. Masu kiwo a fadama su ƙara lura da ciwon hanta, wanda ke yaɗuwa ta ƙananan dodon koɗi na bakin ruwa. Abin da ya fi damuna shi ne raba ƙwaya ɗaya wa tumaki uku don tsimi. Wannan ba ya kashe tsutsar, sai dai ya koya mata jure magani. Balami da Uda sun fi 'Yankasa girma, ba za a auna musu daidai ba. Kuma duk wanda ya yi wa rago allura daf da Layya, ya tambayi kwanakin da za a jira kafin yanka, domin iyali ne za su ci naman.

5. Turke ya zama a tudu, busasshe. Laka da fitsari ne ke ruɓar da kofato da damina. A share kullum, a datse kofaton da ya yi tsawo.

6. Tunkiya na ɗaukar ciki kamar wata biyar, kuma a makonni shida na ƙarshe ɗan ya fi girma, nan ne ya kamata a ƙara mata harawa mai kyau. In ta haihu, a tabbata ɗan ya sha dakashi cikin sa'o'in farko, a shafa wa cibiya aidin.

7. Kada a ɗaure dabba a jikin bishiya. Igiya na goge ɓawo, akuya na ɓantara, kuma abincin da ganye ke aika wa saiwa ta ƙarƙashin ɓawon yake bi. In aka ɓare shi zagaye guda, bishiya ta mutu ko da ganyenta bai zube nan take ba. Wannan jan kunne ya shafi masu saran ɓawon maɗaci da marke don magani: a ɗiba ta gefe ɗaya, siriri, a bar sauran. A kafa turke cikin inuwar, nesa da gindin.

8. Kashin tumaki sai ya ruɓe kafin a kai shi gindin ƙaramin dashe, ɗanye yana ƙona saiwa. A tara shi a rami da shara da toka, a riƙa yayyafa ruwa. In za a zuba wa mangwaro ko gwaiba ko lemo, a zuba a da'irar da inuwar rassa ta ƙare, domin can ƙananan saiwoyi masu sha suke, ba jikin kututture ba.

9. A yi dashe in damina ta kankama, kuma kada a sa shi a ƙasa sai an tanadi shinge. Da yawa daga cikin itatuwan da ake rabawa kowace shekara ba ƙishirwa ce ke fara kashe su ba, awaki ne. Ƙayar magarya ko tubali da aka jera da 'yan ƙofofi sun wadatar. Da rani, ban ruwa mai yawa sau biyu a mako ya fi yayyafi kullum, don yana jan saiwa zuwa ƙasa. Ciyawar da aka rufe gindi da ita kada ta taɓa jikin itacen, saboda gara.

10. Kauci ba ado ba ne. Tsuntsaye ke kawo irinsa, ya kafe a reshe yana shan ruwan bishiya. Tsinke ganyensa bai isa ba, sai an sare reshen a ƙasa da inda ya kama, da kaifin makami, sara mai santsi wanda ruwa ba zai kwanta a kai ba.

11. A gona, a bar gawo. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Da rani ya yi kore, ya zubo da 'ya'yan da tumaki ke so daidai lokacin da harawa ta ƙare. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna cewa ba sai an sayi dashe ba. Tun daga shekarun 1980 suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: maimakon ƙone kututturen sabara da kalgo da gawo lokacin sharar gona, sai a zaɓi toho mafi ƙarfi biyu zuwa biyar a bari, a sare sauran, a rage rassan ƙasa. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta haka a Nijar da kusan hekta miliyan 5. Saiwar tsohon kututture ta riga ta yi nisa a ƙasa, shi ya sa tohon ke girma da sauri ba tare da ban ruwa ba. A ɗaura wa wanda aka bari jan ƙyalle don masu neman itacen girki su san da mai shi, kuma a yi magana da mai unguwa da makiyayan da ke ratsa wurin tun kafin a sako dabbobi bayan girbi.