Ayarin Teku Da Mai Rakiyarsa

Mu da ke zaune tsakanin Samaru da Sabon Gari teku ya yi mana nisa, don daga tashar Zariya zuwa Ikko ya fi mil 600 a jirgin ƙasa. Saboda haka in ana labarin yaƙin Hitila, watau na 1939 zuwa 1945, hankalinmu ya fi tafiya wajen sojanmu da suka je Habasha da Bama. Amma fa ba da ƙafa suka je ba. Haka kuma audugar da a ke gurzawa a injin Zariya a zamanin nan, wadda ma'aikatan gona na Samaru suka sha wahalar gyaran irinta, da gyaɗar Kano, da kuzar Jos, duk in an sauke su daga wagunu a bakin ruwa, cikin jirgi a ke zuba su. Gishiri da kananzir da atamfa na kantunan Sabon Gari su ma ta ruwa su ke isowa. Darasinmu a kan masu tsaron hanyar nan ne, za mu kuwa ɗauki ƙaramin jirgin yaƙi guda ɗaya na Ingilishi, mai suna Bellwort, mu duba aikinsa.

Dabarar da aka yi a teku ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Fataken da, masu zuwa Gwanja sayen goro, ba su tafiya ɗai ɗai. Sai su taru a zango, su bi madugu, jagaba na gaba, masu kwari da baka na gefe, a yi ta tafiya gwargwadon ƙarfin jakin da ya fi gajiya. To, haka aka yi wa jiragen kaya. A kan tara su a tashar Firitawun ta ƙasar Saliyo, a jera su sahu sahu, a sa musu shugaba, sa'an nan a ba su jiragen yaƙi su raka su har Ingila. 'Yan fashin hanyar kuwa su ne jiragen Jamus masu nutsewa ƙarƙashin ruwa, waɗanda ke harba wata doguwar nakiya mai tafiya da kanta, da a ke kira tofido.

Wani ya ce, ai tara jirage wuri guda tara wa kura nama ne. Ba haka ba ne. Teku na da faɗi, ganin jirgi talatin a haɗe bai fi ganin guda ɗaya sauƙi da yawa ba, amma in sun watsu, ko ina ɗan fashi ya tsaya sai wani ya biyo ta kansa. A shekarar 1941, kafin rakiya ta kankama a wannan yanki, wani jirgin Jamus mai lamba U-107 ya nutsar da jirgi 14 a fita guda, galibinsu a yammacin Saliyo, suna tafiya su kaɗai. Akwai kuma wani lissafi da duk ɗan makarantar gona zai gane nan da nan. Gona mai eka huɗu ba ta cin shinge ninki huɗu na mai eka ɗaya, ninki biyu ta ke ci. Haka ayari: in ya yi girma, kewayen da za a tsare bai ƙaruwa kamar yadda jiragen ke ƙaruwa.

Matsalar ita ce masu rakiya sun yi kaɗan. Da yaƙi ya matso, Ingilishi suka nemi jirgin da ƙananan maƙera za su iya ƙerawa da sauri, da araha. Sai suka ɗauki fasalin wani jirgin farautar kifin nan mai girman gaske, suka ƙara masa tsawo, suka ɗora masa igwa. Aka ƙera irinsa kusan 300 a Ingila da Kanada. Na Ingila duk sunan furanni aka sa musu, abin dariya ga jirgin yaƙi, Bellwort ma sunan wani fure ne. A garin Girinok na ƙasar Sikotilan aka ƙera shi, ya shiga ruwa a 1941.

Tsawonsa ƙafa 205, nauyinsa bai cika tan 1,000 ba, injinsa ɗaya, mai aiki da tururi. Igwarsa babba ɗaya ce, mai baki inci 4. Ainihin makaminsa waɗansu nakiyoyi ne masu kamar duro, a kan gangara su ta bayan jirgi, su nitse, su fashe a zurfin da aka auna musu. Yana kuma da wani ƙarfe a ƙarƙashinsa mai aika ƙara cikin ruwa, in ƙarar ta bugi wani abu sai ta komo kamar amsa kuwwa, mai sauraro ya gane inda abokin gaba ya ke. Mutanen ciki kuwa, wajen 80 ne a matse, jirgin na tangaɗi ko da ruwa na kwance, ga zafin gaɓar Afirka ta Yamma cikin ɗakin ƙarfe, ga zazzaɓin Saliyo in an sauka.

Sai mu lura da aibinsa guda biyu, don su ne mabuɗin labarin. Na farko, iyakar gudunsa wajen mil 18 ne a awa, alhali babban jirgin Jamus in ya taso bisa ruwa ya kan yi mil 21. Watau ɓarawo ya fi mai gadi gudu. Na biyu, ƙarfen sauraron nan abin da ke ƙarƙashin ruwa ya ke ji sosai, wanda ke bisa kuwa ya kan ɓace masa. Jamus sun san wannan sarai, don haka su kan jira dare, su taso sama, su lallaɓo cikin duhu.

A ƙarshen watan Afril na 1943 wani ayari mai lamba TS 37 ya tashi daga Takoradi, a ƙasar da a ke kira Gana yanzu, zai tafi Firitawun. Jirgin kaya 18 ne. Masu rakiya huɗu: Bellwort, da waɗansu ƙananan jirage uku masu fasalin na kamun kifi, Arran da Birdlip da Fandango, waɗanda ko gudun Bellwort ba su da shi. Hanyar kuwa ba ƙarama ba ce a lokacin. Tun da Italiya ta shiga yaƙi a 1940 Bahar Rum ya toshe, jiragen Masar da Indiya sai sun kewayo ta kudancin Afirka. Da Japan ta ci Singafo a 1942 kuma, sai Ingila ta daɗa dogara ga kuza da man ja da gyaɗa na ƙasashenmu.

Ran 30 ga Afril da dare, saura kamar mil 130 su isa Firitawun, jirgin Jamus U-515, wanda wani hafsa mai suna Werner Henke ke shugabanta, ya shigo musu. Cikin 'yan mintoci ya harbi jirgi huɗu, Corabella da Bandar Shahpour da Kota Tjandi da Nagina, duk suka nutse. Ya nitse ya ɓuya. Masu rakiya suka rasa wanda za su yi: neman ɓarawo, ko tsamo mutane daga ruwa, ko tsare sauran jirage 14 da ke ci gaba cikin duhu. Kafin gari ya waye ran 1 ga Mayu ya sake cim musu, ya harbi City of Singapore da Clan Macpherson da Mokambo. Mokambo ne kaɗai aka iya jawowa har Firitawun, can ya kife. Manyan jiragen yaƙi da aka turo gudummawa sun iso bayan an gama ɓarna. Jirgi bakwai ke nan cikin 18, wajen tan 43,000, a hannun jirgi guda.

To, laifin wa? Mai gaggawa zai ɗora wa Bellwort, amma mu a ganinmu hukuncin bai yi daidai ba. Ayarin ya mamaye fili mai faɗin mil da yawa, an ba shi mai gadi huɗu, ba ko ɗaya da zai iya korar ɓarawon ya cim masa. Dalilin ƙarancin kuma sananne ne. A watannin nan ne yaƙin teku ya kai maƙura a arewacin Atlantika, tsakanin Amurka da Ingila, can aka tattara jiragen rakiya masu ƙarfi da jiragen sama masu dogon zango. Can kuwa aka ci nasara, don cikin watan Mayu ɗin nan Jamus ta yi hasarar jirage masu nutsewa wajen 40, har shugabansu Dönitz ya janye sauran daga wannan hanya. Bargon bai isa ba ne, aka rufe kai aka bar ƙafa, mu ne kuwa wajen ƙafar.

Ba kuma daidai ba ne a auna irin wannan jirgi da dare guda. Aikinsa na kullum shi ne kai da kawowa a gefen ayari, mako da mako, ana sauraro, ana duban ruwa, yawanci ba a ga kome. Ranar da ba abin da ya faru ba ta shiga littafi, ita ce kuwa ranar da kaya suka isa. Ayari da yawa sun bi tsakanin Ikko da Takoradi da Firitawun ba a taɓa su ba. Cikin ayari mai rakiya ne kuma sojanmu na runduna ta 81 suka tashi zuwa Indiya a 1943, na runduna ta 82 suka bi su a 1944.

Ga yadda kowa ya ƙare. Jiragen Amurka sun nutsar da U-515 ran 9 ga Afril 1944 a arewacin tsibirin Madera, aka kama Henke, aka kai shi Amurka, can aka harbe shi a watan Yuni yana ƙoƙarin tsallake shingen kurkuku. A watan nan dai wani jirgin Jamus, U-547, ya nutsar da Birdlip a gaɓar Laberiya yana cikin aikin rakiya. Bellwort kuwa ya ga ƙarshen yaƙi lafiya. A 1946 ƙasar Ailan ta saye shi tare da 'yan'uwansa biyu, ta sake masa suna Cliona, ya koma tsaron masunta a gaɓarta, har 1970 da aka sayar da shi ga masu farfasa ƙarfe.