Iskar da Ciyawar Ruwa Ke Ci

Kowace mace a ƙasar Batsari da Safana ta san abin da kan faru in an jefa kanwa cikin tukunyar yakuwa: nan da nan sai kumfa ya taso. Wannan kumfa iska ce wadda masana ke kira iskar kabon. Ita mutum ke fitarwa in ya numfasa, ita ce kuma abincin tsiro, gama ganye yakan haɗa ta da ruwa ya yi sukari, kāna ya saki iskar da mutum da kifi ke shaƙa. A 1779 wani likita mutumin Holan, Jan Ingenhousz, ya gano cewa sai cikin haske ganye ke wannan aiki.

To, malamin makaranta yakan ɗebo 'ya'yan karfasa da ciyawar tafki da damina, ya zuba cikin akwatin gilashi don yara su gani. Sau da yawa ciyawar takan tsaya ba girma, gansakuka ta rufe ta, don kuwa iskar kabon ta yi mata kaɗan. Kainuwa da bado ba ruwansu, ganyensu na bisa ruwa. Wadda ke nutse tsundum ita ke shan wuya.

Maganin ba shi da tsada. A sami gorar roba mai cin lita 2, a zuba sukari kofi 2, da yis na burodi rabin ƙaramin cokali, da ruwa mai ɗumi, amma kada a cika ta. A huda marfin, a zura siririn tiyo, a liƙe bakin sosai. Tiyon ya fara bi ta wata ƙaramar gora tukuna, don ta tare kumfa, sa'an nan ya shiga gindin akwatin. Yis zai yi ta cin sukari yana ba da iska har mako 2 ko 3. Da bazara ya fi gaggawa, da hunturu ya yi nawa. Kanwa da ruwan tsamiya ma suna yi, sai dai iskarsu takan fita gaba ɗaya ta ƙare.

Lalle kada a toshe tiyon, gorar tana iya fashewa. Ruwan da ya saura ciki kuwa ya zama giya, sai a zubar da shi nesa da yara.

Babban haɗarin na kifi ne. Da dare ciyawa ba ta cin iskar kabon, ita ma fitar da ita take yi, ga shi yis ba ya barci. Saboda haka a cire tiyon da magariba, a mayar da hantsi. In aka ga kifi sun taso bisa suna haki, iskar ta yi yawa ke nan: a cire tiyon maza, a kwashe sulusin ruwan, a zuba sabo.