Saduwa ta baki da fargabar ƙanjamau: amsa ga wani ɗalibi a Vom

Wasiƙar wannan makon ta zo ne daga Vom, kuma na sakaya sunan mai ita kamar yadda ya roƙa:

"Malam, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗalibi ne, shekarata 24. Kwana 38 da suka wuce na je biki a Bukuru, zuciya ta ɗebe ni na kwana da wata da ban san ta sosai ba. Ba mu sadu ta gaba ba, amma ta yi mini da baki, ni ma na yi mata. Tun ranar ban sake barcin kirki ba. Maƙogwarona na ƙaiƙayi, na ji kaluluwa a wuyana, harshena ya yi fari. Na sha ampiclox har kati biyu daga kemis. Na rame, abokan ɗakina sun fara tambaya. Ga shi an sa ranar aurena, kuma za a ce mu kawo takardar gwaji. Malam, na kamu ne?"

Ƙanena, sannu. Kafin komai ga amsar da ka zo nema: a cikin duk hanyoyin saduwa, ta baki ita ce mafi ƙarancin haɗarin ɗaukar ƙanjamau, ƙarancin da ya kai masana sun kasa sa masa adadi. Ba zan rantse maka cewa ba ya taɓa faruwa ba, domin an samu 'yan rahotanni jefi-jefi a duniya. Amma bisa abin da ka rubuto, da wuya ƙwarai a ce wannan daren ya sa maka cutar.

Ga abin da ya sa na faɗi haka da ƙarfin gwiwa. A shekarar 2014 masana a hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, sun tattara binciken shekaru suka fitar da ƙiyasi. Idan aka sadu sau 10,000 ba kwaroron roba da mai ɗauke da cutar wanda ba ya shan magani, macen da aka sadu da ita ta gaba za ta iya kamuwa kamar sau 8, namiji kuma kamar sau 4. Wanda aka sadu da shi ta dubura, sau 138. Masu yin allura da sirinji ɗaya, sau 63. Da suka zo kan baki, ba su iya rubuta lamba ba, sai suka ce haɗarin ƙanƙani ne. Akwai kuma wani bincike da aka yi a Madrid ta ƙasar Sifaniya, aka wallafa a 2002. An bi mutum 135 da ba su da cutar amma abokan zamansu na da ita, waɗanda bakin kaɗai ne hanyar da suke haɗuwa ba kariya. An ƙirga saduwa ta baki fiye da 19,000 a tsakaninsu, kuma ko mutum ɗaya bai kamu ba. Ka lura, waɗancan an tabbatar abokan nasu na da cutar. Kai kuwa ko wannan ba ka sani ba. Babban binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita, wato a cikin mutum ɗari, fiye da 98 lafiyarsu ƙalau ta wannan fannin.

Allah ya yi baki da tsaro. Fatar cikinsa ta fi ta dubura kauri da ƙwari nesa ba kusa ba. Yawu yana tsinka duk ruwan da ya shiga, kuma yana ɗauke da sinadaran da ke raunana ƙwayar cutar. Abin da aka haɗiye ya faɗa cikin ruwan tsamin ciki. Shi ya sa sumba, da cin tuwo a kwano ɗaya, da shan kunu a kofi ɗaya ba sa yaɗa ƙanjamau. A abin da ya faru tsakaninku, ɓangaren da ta yi maka da baki ka cire shi daga lissafi, don yawunta ne kawai ya taɓa ka. Ɗan abin da ya rage shi ne ɓangaren da kai ka sa baki, kuma shi ma bai taka kara ya karya ba sai in an haɗu da wasu abubuwa: gyambo ko miki a baki, dasashi mai zubar da jini, haƙorin da aka cire kwana-kwanan nan, ƙuraje ko ciwo a al'aurar ɗayan, jinin haila, ko a zubar da maniyyi a bakin mutum. Ko da waɗannan ɗin ma, sai ɗayan ya kasance yana da cutar kuma ƙwayoyinta sun yi yawa a jininsa.

Na san abin da za ka ce, domin na san sanyin Vom. Da hunturu leɓe kan tsage har ya yi jini in mutum ya yi dariya. Busasshen leɓe mai ɗan tsagewa daban, buɗaɗɗen miki mai zubar da jini daban.

To alamomin da kake gani fa? A nan nake so ka saurare ni da kyau, domin a nan ne fargaba ke cin mutane. Ƙaiƙayin maƙogwaro a garin da ke da sanyi da ƙura irin naku, rabin ajinku na fama da shi. Kaluluwa kuwa kowa na da ita a wuya, aikinta tace ƙwayoyin cuta, tana kumbura da mura ko ciwon haƙori. In kana latsa ta da yatsa sau ashirin a wuni, kamar yadda na tabbata kana yi, za ta yi tsami ta ƙara tashi, sai ka ce ga shi nan ta ƙaru. Farin harshe kuma ina zargin kemis ne ya sayar maka da shi. Ampiclox da 'yan'uwansa ba sa taɓa ƙwayar ƙanjamau ko kaɗan, amma in aka sha su barkatai sukan kashe ƙwayoyin kirki da ke gadin baki, sai farin gansakuka ya samu wurin yaɗuwa. Ka daina shan su daga yau. Rama kuwa, wanda ya yi kwana 38 ba barci ba cin abinci, me zai hana shi ramewa?

Gaskiya ne wasu da suka kamu sukan yi zazzaɓi da ciwon jiki da ƙuraje mako biyu zuwa huɗu bayan haka, wasu kuma ba sa jin komai. Amma waɗannan alamomin su ne na mura, su ne na zazzaɓin sauro, su ne na taifot. Babu likitan da zai dubi harshenka ko wuyanka ya ce kana da ƙanjamau ko ba ka da shi. Gwajin jini kaɗai ke faɗa.

Ga yadda za ka bi da gwajin. Ɗauki kalanda ka sa alama a ranar bikin, ka ƙirga kwana 90 ka sa wata alamar. Gwajin nan na tsira yatsa, wanda ake ɗiga jini a kan ɗan tsinken takarda a jira minti 15 zuwa 20, yana neman sojojin da jiki ke haɗawa ne don yaƙar cutar, kuma jiki na buƙatar lokaci kafin ya haɗa su. A wajen wasu sukan bayyana tun daga kwana 23, a wajen wasu sai an kusa kwana 90. Akwai kuma gwajin ɗakin bincike da ake ɗibar jini daga jijiya, wanda ke neman wani ɓangare na ƙwayar cutar kanta tare da sojojin, shi yakan gano ta tsakanin kwana 18 da 45. Shawarata ka je a cikin makon nan. Sakamako mai kyau a kwana 40 ya riga ya sauke maka mafi yawan kayan. Sai ka koma ranar cikar kwana 90 ka rufe maganar. In na ranar ya fito ba komai, kuma ba ka sake wata mu'amala a tsakani ba, shi ke nan, babu na uku babu na huɗu.

Na nanata wannan ne don na taɓa zama da wani saurayi da ya ciro takardun gwaji bakwai daga aljihun jakarsa, ya jera mini su a kan tebur, duk sun yi laushi don yawan buɗewa da ninkewa. Dukansu sakamako ɗaya ne, ba komai. Ya dube ni ido ya yi ja ya ce, "Malam, in na'urar ce ta lalace fa?" Na tausaya masa ƙwarai, don ciwon da ke damunsa na gaske ne, sai dai sunansa waswasi, kuma gwaji na takwas ba zai warkar da shi ba.

Wurin gwaji bai yi maka nisa ba. Ga Asibitin Kirista na Vom a bakin ƙofarka, wanda ke aiki tun 1922. In kana jin nauyin kada ka haɗu da idon sani, hau mota ta Bukuru ka shiga Jos: akwai cibiyar APIN ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, akwai Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, akwai asibitin Faith Alive. Dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau ta 2014 ta haramta a bayyana sakamakon mutum ba da yardarsa ba. Za ka iya kuma sayen kayan gwajin kai irin OraQuick, wanda ake goga wa dasashi, amma shi ma sai a kwana 90 ake dogara da shi, kuma in ya nuna layi biyu dole a je asibiti a tabbatar. Mutane da yawa kan tambaye ni, in dai da ruwan baki ake gwadawa, ashe cutar na cikin yawu ke nan? A'a. Sojojin nan na jiki yake nema a ruwan dasashi, su kuwa ba sa harbin kowa.

In ka shiga wajen ma'aikacin lafiya, ka gaya masa abin da ya faru kamar yadda ka gaya mini. Sun ji abin da ya fi wannan. Dalilin da ya sa nake so ka buɗe baki shi ne, akwai cututtukan da saduwa ta baki ke yaɗawa cikin sauƙi, waɗanda kai ko tunaninsu ba ka yi ba don ƙanjamau ya cika maka ido. Ciwon sanyi na iya zama a maƙogwaro shiru ba alama, ya kuma koma al'aurar wani. Tunjere kan fara da gyambo guda ɗaya marar zafi a leɓe ko harshe ko al'aura, wajen mako uku bayan haɗuwa, ya warke da kansa, mutum ya ɗauka ya rabu da shi alhali ya shige jini. Akwai ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a gefen baki, su ma suna iya komawa al'aura. Ciwon sanyi da tunjere suna warkewa sarai in aka ba da maganin da ya dace a ƙa'idarsa. Ka roƙa kuma a duba maka ciwon hanta nau'in B. Binciken nan na 2018 ya samu kusan mutum 8 cikin ɗari na manya a Nijeriya da shi, ya ninka ƙanjamau sau da yawa, kuma yana da allurar rigakafi guda uku. Mai shirin aure bai kamata ya tsallake wannan ba.

Ga sauran masu karatu da abin ya faru da su jiya ko shekaranjiya: akwai maganin gaggawa da ake kira PEP, ana fara shi cikin awa 72 a sha kwana 28. Ba kasafai ake bayar da shi don saduwa ta baki kaɗai ba, amma in akwai jini, ko miki a baki da maniyyin wanda aka san yana da cutar, ko fyaɗe aka yi, kada a kwana, a tafi asibiti likita ya yanke hukunci. Ma'auratan da ɗayansu ke ɗauke da cutar kuma su sani, wanda ke shan maganinsa kullum har gwaji ya nuna ƙwayoyin sun kwanta ƙasa da 200 a kowane mililita na jini ba ya harbin abokin zamansa ta saduwa. Binciken PARTNER da aka wallafa a 2016 ya bi masoya da ma'aurata 888 a Turai, saduwa kusan 58,000 ba kwaroron roba, babu wanda ya ɗauka daga abokinsa. Mai son ƙarin kariya ya sa kwaroron roba, ya guji abin in akwai gyambo ko haila, kada a zubar a baki, kuma kada ya goge haƙora da buroshi ko asuwaki dab da yi ko da gamawa, don yana kankare dasashi. Kurkure baki da ruwa ya isa.

Saura abu guda, ƙanena, kuma ina ganin shi ne ya fi hana ka barci. Wasiƙarka ta fara da "zuciya ta ɗebe ni" ta ƙare da maganar aure. Hausawa na cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ka yi abin da kai kanka ba ka yarda da shi ba, sai zuciyarka ta yanke cewa dole hukunci na tafe, ta kuma zaɓi ƙanjamau a matsayin bulalar. Ita ƙwayar cuta ba ta san laifi ba, tana kama jariri da matar da ba ta taɓa taka ko'ina ba, tana kuma tsallake wanda ya yi ta'asa. Nadamarka ka kai ta inda ake kai nadama, tsakaninka da Ubangijinka, ko wajen fasto ko malamin da ka amince da riƙon sirrinsa. Jininka kuma ka kai shi asibiti. Kada ka kusanci wadda za ka aura kafin sakamakon kwana 90 da na sauran cututtukan su fito, wannan haƙƙinta ne a kanka.

Daga yau zuwa ranar, ka cire hannu daga wuyanka, ka daina haska harshe da fitilar waya a madubi, ka daina neman alamomi a intanet da tsakar dare. Ka ci abinci ko ba ka jin daɗinsa, ka koma aji. In sakamako ya fito lafiya amma har yanzu gabanka na faɗuwa, barci ya ƙi, ko ka fara jin rayuwa ta ishe ka, kada ka sake neman wani gwajin. Ka nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da damuwa, akwai sashensu a asibitin koyarwa na Jos, kuma wannan ciwon yana jin magani. Ka rubuto mini bayan gwajin farko, ina jira.