Babi na Shida: Yaro a Fagen Wasan Kwaikwayo, Nazarin Rayuwar Maryam Booth

6.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka baiwar kwaikwayo take, domin takan bayyana ga yaro tun bai san sunanta ba. Sai dai yara da yawa sun yi tashe a fagen wasa suna ƙanana, amma da girma ya zo sai aka neme su aka rasa. Wannan babi zai dubi rayuwar Maryam Booth, wadda ta shiga harkar fim tana ƙaramar yarinya, ta kuma ɗore a cikinta har ta zama babbar 'yar wasa. Manufar ita ce ɗalibi mai koyon aikin malanta ya gane abubuwan da ke raya baiwar yaro da waɗanda ke kashe ta, saboda irin wannan yaro yana nan yana jiran sa a aji, a Gusau ne ko Tsafe ko Bunguɗu.

6.1 Yaro da Kwaikwayo a Al'adar Bahaushe

Tun kafin zuwan silima da talabijin, yaran Hausawa suna da fagen wasansu. Yarinya takan goya 'yartsana, ta yi mata aure, ta dafa tuwon ƙasa, tana kwaikwayon mahaifiyarta. Idan azumi ya kai kwana goma, yara sukan fita tashe da dare, su bi gida gida. A nan ne ake ganin yaro ya liƙa auduga a haɓa ya zama tsoho, wani ya rataya layu da saiwoyi ya zama Jatau mai magani, 'yan mata kuma su fito da Mairama da Daudu domin nuna zaman aure.

Wannan fage na gargajiya yana da siffofi uku. Na farko, yana da lokaci, da an sha ruwan ƙarshe an ga watan salla ya wuce sai baɗi. Na biyu, a unguwa ake yin sa, a gaban iyaye da maƙwabta. Na uku, abin da ake samu bai wuce hatsi da 'yan kuɗi kaɗan ba, waɗanda yara ke rabawa a tsakaninsu. Saboda haka yaron da ya yi fice a tashe a Bunguɗu, gari na wayewa ya koma ɗan gidansu, ya ɗauki allonsa ya tafi makaranta.

Fim ya sauya waɗannan siffofi duka. Tun daga shekarar 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko, wasa ya zama sana'a mai ciniki. Yaron da ya fito a kaset ba ya tuɓe rawarsa da safe. Fuskarsa tana shiga gidajen da bai taɓa takawa ba, ana kuma biyan kuɗi saboda aikinsa.

6.2 Tasowar Maryam Booth

An haifi Maryam Ado Muhammad, wadda aka fi sani da Maryam Booth, a birnin Kano ranar 28 ga Oktoba, 1993. Mahaifiyarta, Hajiya Zainab Booth, sananniyar 'yar wasa ce da ta daɗe tana fitowa a matsayin uwa a finafinan Hausa. Maryam ta fara fitowa a fim tana da shekara 8, wato wajen 2001. A wannan shekara ce gwamnatin Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai, bayan dawo da shari'ar Musulunci da aka faro daga Zamfara, wadda aka ƙaddamar a Gusau a 1999. Ke nan ta shigo sana'ar a daidai lokacin da idon jama'a da na hukuma yake kan 'yan fim, musamman mata.

Ta ci gaba da karatunta na boko a Kano tana kuma fitowa a finafinai. Fim ɗin da ya fi fito da ita a shekarunta na ƙuruciya shi ne Dijangala, har sunan ya bi ta, masu kallo suka riƙa kiran ta da shi. Wannan abin nazari ne. Idan sunan rawa ya danne sunan yanka, alama ce ta cewa ɗan wasa ya shiga zukatan jama'a. Amma kuma tarko ne, domin masu kallo sukan so su ci gaba da ganin yarinyar da suka sani, masu shirya fim kuma sukan ci gaba da ba ta irin rawar da ta kawo musu ciniki a baya.

6.3 Daga Ƙuruciya Zuwa Girma

Babbar jarrabawar yaro ɗan wasa tana zuwa ne lokacin da ƙuruciya ta ƙare. Abin da ake sha'awa ga yaro, kamar zaƙin murya da rashin kunyar kyamara, yakan gushe da shekaru. Daga nan sai wanda ya koyi sana'ar da gaske, ya iya riƙe dogon zance, ya iya nuna baƙin ciki ko fushi ba tare da ihu ba, ya kuma iya zama wani mutum dabam da kansa.

Shaidar da ta fi nuna cewa Maryam ta tsallake wannan siraɗi ita ce fim ɗin The Milkmaid na 2020, wanda Desmond Ovbiagele ya rubuta ya kuma ba da umarni. An ɗauki fim ɗin a Jihar Taraba, yawancin maganganunsa kuma da Hausa ne. Tushensa shi ne hoton 'yan matan Fulani biyu masu tallar nono da ke bayan takardar naira goma. Labarin ya bi wata yarinya mai suna A'isha, wadda Anthonieta Kalunta ta fito a matsayinta, tana neman 'yar'uwarta Zainab bayan masu tayar da ƙayar baya sun kai wa ƙauyensu hari sun raba su. Maryam ce ta fito a matsayin Zainab, wadda zama a hannun maharan ya sauya mata zuciya, har 'yar'uwarta ta same ta ba yadda ta san ta ba. Ɗalibin da ya fito daga ƙauyukan Tsafe, inda hare-haren 'yan bindiga suka raba iyalai da dama, ba ya buƙatar a fassara masa nauyin wannan rawa.

A gasar finafinan Afirka ta AMAA ta 2020, fim ɗin ya ci kyaututtuka 5, ciki har da ta fim mafi kyau, Maryam kuma ta karɓi kyautar gwarzuwar mataimakiyar tauraruwa. A ƙarshen shekarar aka zaɓe shi ya wakilci Nijeriya a gasar Oska ta Amurka, a rukunin finafinan ƙasashen waje. Harshen Hausa ya taimaka a nan, domin a 2019 an cire fim ɗin Lionheart daga wannan rukuni saboda Turanci ya yi masa yawa. The Milkmaid bai kai zagayen ƙarshe ba, amma ya kai sunan 'yar wasan Hausa inda ba a saba jin sa ba. Watanni kaɗan bayan haka, a Yulin 2021, Allah ya yi wa Hajiya Zainab Booth rasuwa a Kano, bayan ta ga inda 'yarta ta kai a sana'ar da ta gada.

6.4 Haƙƙin Yaro Ɗan Wasa

Wani abin lura a tarihin Maryam shi ne ta shiga sana'ar da mahaifiyarta ke ciki. Yaron da ke da babba a fagen yana da wanda ya san masu shirya fim, ya san abin da ake biya, ya kuma san inda ya kamata a ce a'a. Yawancin yara ba su da wannan gata, wani lokaci ma na gida ne ke cin guminsu.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi a duniya shi ne na Jaki Kugan na Amurka, wanda ya fito tare da Cali Caplin a fim ɗin The Kid a 1921 yana ɗan shekara 6. Ya tara miliyoyin daloli yana yaro, amma da ya girma sai ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun kashe mafi yawansu. Ya kai su ƙara a 1938, abin da ya samu kuma bai taka kara ya karya ba. Wannan shari'a ce ta sa Jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939 domin kare dukiyar yara 'yan wasa. Bisa gyaran da ya fara aiki a 2000, wajibi ne a ajiye kashi 15 cikin 100 na ladan yaron a asusun da ba mai taɓawa sai ya girma.

A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana sa yaro aikin da zai cutar da shi, Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta. A yau da wayar hannu ta isa a ɗauki yaro hoton bidiyo a watsa a intanet cikin dare ɗaya, buƙatar kula da waɗannan haƙƙoƙi ta ƙaru.

6.5 Aikin Malami

Malamin Hausa yakan riga kowa gano irin wannan yaro. Shi ne wanda ke kwaikwayon tafiyar hedimasta idan an fita tara, ko yarinyar da ke sauya murya ga kowane tauraro idan ana karanta littafin wasa. Maimakon bulala, abin da ya dace shi ne malami ya ba shi fage a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta. Ya riƙa sauya masa rawa, yau sarki gobe bara, kada a san shi da abu guda. Ya tabbatar gwajin wasa bai ci lokacin darasi ba. Idan wani ya zo daga waje yana neman yaron domin fim, malami ya mayar da maganar ga iyaye, ya kuma ba su shawarar su san wurin da za a kai shi, da wanda zai raka shi, da abin da za a biya, da inda za a ajiye masa.

6.6 Kammalawa

Rayuwar Maryam Booth ta nuna cewa baiwa takan buɗe wa yaro ƙofa, amma ɗorewa tana buƙatar babba mai tsaya masa, da karatu, da ƙwazon barin rawar ƙuruciya a rungumi mai nauyi. Labarin Jaki Kugan kuwa ya nuna abin da ke faruwa idan masu riƙon amana suka ci ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma malami na cikin waɗanda aka damƙa wa iccen.

6.7 Jinga

1. Kawo bambance-bambance uku tsakanin tashe da fim dangane da matsayin yaro.
2. Yi bayanin amfani da illar da ke cikin kiran ɗan wasa da sunan rawarsa.
3. Me ya sa ake ɗaukar rawar Zainab a matsayin shaidar ƙwarewar Maryam Booth?
4. A lokacin koyarwar gwaji, wani mai shirya fim ya nemi ɗalibarka 'yar aji huɗu na firamare. Tsara matakan da za ka bi.