Darasi Kan Lantarkin Da Ke Cikin Jikin Ɗan Adam

Ya ku ƴan'uwa, ku sani cewa jikin ɗan Adam yana da lantarkinsa na halitta, kuma yana iya zama hanya ga wutar lantarki ta waje. Sanin wannan yana tsare rai.

Na farko: kimanin kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne, kuma ruwa mai gishiri. Wannan narkakken gishiri shi ne ke ɗaukar lantarki. Don haka jini da tsoka suke ba shi hanya cikin sauƙi, ƙashi da kitse kuwa suna tauye shi. Da wannan ɗan lantarki ne jijiyoyi ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa ga gaɓɓai.

Na biyu: a saman zuciya ta ɓangaren dama akwai wani ɗan ƙullin nama da ke sakin lantarki sau 60 zuwa 100 a minti, kowane saki bugu guda. Alamarsa tana ratsa jiki har fata. Shi ya sa likita ke manna wayoyi a ƙirji ya karanta halin zuciya a takarda. Willem Einthoven, mutumin Holan, shi ne ya kyautata wannan awo, aka ba shi lambar Nobel a 1924.

Na uku: busasshiyar fata ita ce garkuwa. Idan ta jiƙe da ruwa ko gumi, tsarinta yakan ragu har ninki ɗari. Wutar gidajenmu mai ƙarfin bolt 220 ce, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. In ta shiga ta jiƙaƙƙen hannu ta fita ta ƙafa, ƙirji ne tafarkinta. Sai tsokar hannu ta ƙage, mutum ya kasa saki, zuciya ta rikice tana makyarkyata ba ta tura jini.

Saboda haka, wanda ya idar da alwala ya tsane hannunsa kafin ya taɓa makunnin fanka ko lasifika, musamman in ba takalmi a ƙafarsa. In wuta ta kama wani, kada a taɓa shi da hannu. A kashe wutar tukuna, ko a ture shi da busasshen ice, sa'an nan a gaggauta kai shi asibiti ko da ya miƙe da ƙafarsa.

Allah Ya kiyashe mu, amin.